Bukkar bakin tabki da kifin da ya ɗauki guba: tarihin yawon su da jirgin sama a arewacin Kanada

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, ina cikin darasin manyan tabkunan duniya, sai wani yaro daga layin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, a salular yayana na ga jirgin sama ya sauka bisa ruwa, Turawa huɗu suka fito da sandunan fatsa, jirgin ya tashi ya bar su a wata bukka cikin daji. Da gaske ne ko haɗi ne?" Ƴan ajin suka fashe da dariya. Na ce musu da gaske ne, a Kanada ne, kuma sana'a ce babba da ta fi shekara 70 tana ci. Na yi musu alkawarin kawo labarin gaba ɗayansa. Da na zauna haɗa shi, sai na ga rabin labarin ya fi ƙarfin ƴan aji, na iyayensu ne da malamansu. Shi ya sa na kawo shi nan.

Abin da yaron ya gani haka yake gudana. Mutum huɗu ko shida, galibi daga Amurka, su kan tuƙo mota kwana ɗaya ko biyu har wani ƙaramin gari na arewacin lardin Ontariyo, kamar Red Lake ko Sioux Lookout ko Nakina. A bakin ruwa ake auna kayansu, kowa ba ya wuce wajen kilo 45. Sai su shiga ƙaramin jirgi wanda a maimakon taya yake da wasu dogayen ƙafafu biyu masu kama da kwalekwale. Bayan tafiyar rabin awa ko awa ɗaya a sama, a sauke su a tabkin da babu hanyar mota zuwa gare shi, babu kowa a bakinsa sai bukkar katako guda, da firigo mai aiki da gaz, da kwalekwalen ƙarfe masu inji. Matuƙi ya yi musu sallama, sai bayan mako ya dawo. Kuɗin mutum ɗaya ya kan haura dala 1,000, dalar Amurka nake nufi ba dalarmu ta kasuwa ba, wato sama da jikka 500 na sefa. Mafi yawan kifin da suka kama ma sakinsa suke yi ya koma ruwa.

Ƙasar da ruwa ya zama hanyarta

Duk wanda ya buɗe taswirar Kanada ya dubi arewa zai ga kamar an yayyafa mata shuɗi. A lardin Ontariyo kaɗai ana ƙiyasta tabki wajen 250,000. Ƙanƙarar da ta rufe yankin dubban shekaru da suka wuce ita ta kankare dutsen ta bar ramuka, ruwa ya cika su. Tsakanin tabki da tabki akwai dutse da fadama da kurmi, shi ya sa shimfiɗa hanyar mota ke da tsada ƙwarai.

Masu tallan wannan yawo suna kiran wurin dajin da ba kowa. Wannan magana ba daidai ba ce. Tun kafin Bature ya taka ƙasar akwai mutanen da ke kiran kansu Anishinabe, waɗanda aka fi sani da Ojibwe, kuma a arewa da su akwai Kiri. Da kwalekwalen ɓawon itace suke bin ruwayen, suna su, suna farauta, suna girbin wata shinkafar daji da ke fitowa cikin ruwa marar zurfi. A ranar 3 ga Oktoba 1873 shugabanninsu suka ƙulla yarjejeniya da wakilan masarautar Ingila a bakin tabkin Lake of the Woods, wadda ake kira Yarjejeniya ta 3. Ta shafi ƙasa mai faɗin wajen murabba'in kilomita 142,000, kuma a cikinta an amince cewa ƴan ƙasar za su ci gaba da su da farauta a yankin. A riƙe wannan alkawari, domin za mu dawo kansa.

Yadda jirgi ya shiga daji

Ba don kifi jirgin sama ya fara shiga wannan daji ba, don itace ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, an bar jiragen soja masu sauka a ruwa babu aikin yi. Kamfanonin takarda na lardin Kebek, waɗanda gobarar daji ke cinye musu dukiya, suka nemi biyu daga ciki. A watan Yuni 1919 wani matuƙi mai suna Stuart Graham ya tuƙo ɗaya daga gabar tekun Halifax zuwa tabkin Lac-à-la-Tortue, matarsa Madge na duba masa hanya. Daga nan ake ƙirga farkon tuƙin daji a Kanada. A 1924 gwamnatin Ontariyo ta kafa nata rukunin jirage a garin Sault Ste. Marie domin sintirin gobara da zana taswira.

Zinariya ce ta mai da abin kasuwanci. A 1925 aka gano ta a Red Lake, a 1926 mutane dubbai suka kwararo. Daga tashar jirgin ƙasa ta Hudson sai an yi kwanaki ana tafiya bisa ƙanƙara da keken da karnuka ke ja, jirgin sama kuwa cikin awanni kaɗan yake kai mutum. A ƙarshen shekarar wani attajirin hatsi na Winnipeg, James Richardson, ya kafa kamfanin Western Canada Airways. Da rani jirgi ya sauka bisa ruwa, da hunturu a canza masa ƙafafu da allunan sulɓi ya sauka bisa ƙanƙara. Mutanen Red Lake har yau suna alfahari cewa a tsakiyar shekarun 1930 mashigin ruwan garinsu na cikin tashoshin da jirage suka fi sauka da tashi a duniya.

Da buƙata ta ƙaru sai aka fara ƙera jirgi musamman don daji. A 1935 Robert Noorduyn ya fito da Norseman a birnin Montreal, an ƙera wajen 900, kuma akwai guda da aka kafa bisa ginshiƙi a bakin ruwan Red Lake don tunawa. Amma wanda ya zama jakin arewa shi ne Beaver na kamfanin de Havilland na Toronto. Kafin su zana shi, sai da suka tambayi matuƙan daji abin da suke so. Matuƙan suka nemi inji mai ƙarfi, da fiffiken da zai ɗaga jirgi daga ƙaramin tabki, da ƙofa a kowane gefe mai faɗin da tanon mai zai shiga. Aka yi musu haka. Beaver ya fara tashi ranar 16 ga Agusta 1947, aka ƙera sama da 1,600 kafin a daina a 1967, kuma ɗaruruwansu na tashi har yanzu. Jirgin da yaron nan ya gani a salula, mai yiwuwa ya girmi kakansa.

Ina son malamai su lura da wannan: injiniyoyin sun fara da tambayar masu aikin. Jirgin da aka ƙera bisa shawarar matuƙa ya shekara kusan 80 yana aiki.

Masauki da jagora

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka haɗu. Matuƙan da suka dawo daga yaƙi na neman aiki, jirage sun yi araha, kuma ma'aikata da ƴan kasuwar Amurka sun samu kuɗi da hutu. Sai masaukan kamun kifi suka yi ta tsirowa a bakin tabkuna. Iri biyu ne. Akwai babban masauki mai ɗakin cin abinci da masu dafuwa da jagorori, akwai kuma bukka ita kaɗai inda baƙi ke yi wa kansu komai, wadda ta yaɗu daga baya. Kusan kashi 87 cikin 100 na ƙasar Ontariyo na hannun gwamnati ne, mai bukka izini kawai yake karɓa ya gina a kanta.

Ɗaya daga cikin masaukan da suka fi suna shi ne Ball Lake Lodge, wanda wani matuƙi Ba'amurke, Barney Lamm, da matarsa Marion suka buɗe a ƙarshen shekarun 1940 a kan kogin English, arewa da garin Kenora. Attajirai ne baƙinsa, da jirgi ake kawo su. Kusa da shi akwai al'ummar Anishinabe ta Grassy Narrows, kuma daga cikinta masaukin ke samun ma'aikata. Maza su ne jagorori, mata na aikin ɗakuna da madafa.

Jagora shi ne ƙashin bayan sana'ar. Baƙo ya zo da kuɗi da sandar fatsa mai tsada, amma bai san inda dutse yake ɓoye ƙarƙashin ruwa ba, bai san inda kifi ke kwanciya in iska ta juya ba. Jagora ya gaji wannan sani daga mahaifinsa. Da asuba ya tuƙa kwalekwale, da rana tsaka ya tsaya a wani tsibiri ya hura wuta, ya feɗe kifin da aka kama da safe, ya soya shi da dankalin turawa da albasa, a ci tare. Wannan abincin rana na bakin ruwa shi ne abin da baƙi suka fi ba da labarinsa in sun koma gida. Kifin da aka fi so shi ne wanda suke kira walleye, mai ruwan zinariya, sai wani dogon kifi mai haƙora da suke kira pike. Dukansu kifaye ne masu cin ƴan uwansu.

Baƙo mako ɗaya yake yi ya tafi. Jagora kuwa kullum yake cin wannan kifi, daga watan Mayu zuwa Satumba, shekara da shekaru, da yamma kuma ya kai wa iyalinsa saura.

Akwai wani kaya da waɗannan jirage suka riƙa ɗauka wanda ba ya cikin hotunan talla. A ƙarƙashin tsarin makarantun kwana da gwamnatin Kanada ta ɗauki nauyi, majami'u suna tafiyar da su, an raba yara ƴan asalin ƙasar wajen 150,000 da iyayensu. A ƙauyukan da babu hanya, jirgi mai sauka a ruwa ke zuwa ɗaukarsu a ƙarshen rani. A makarantar ana hana yaro magana da harshen uwarsa, da yawa an ci zarafinsu, dubbai sun mutu ba su koma gida ba. Yaran Grassy Narrows da dama an kai su makarantar McIntosh, wadda aka rufe a 1969. Hukumar gaskiya da sulhu ta ƙasar ta tattara shaidar waɗanda suka tsira, ta fitar da rahotonta a 2015. A farkon shekarun 1960 kuma gwamnati ta tashi al'ummar daga tsohon mazauninta, inda kowane dangi ke da nasa gefen ruwa, ta mai da su wani wuri mai cunkoso a bakin hanyar Kenora. To, a kan mutanen da ke cikin wannan hali ne masifa ta gaba ta sauka.

Zaiba a cikin kogi

A garin Dryden, sama da Grassy Narrows a kan kogin Wabigoon, akwai masana'antar takarda. A 1962 kamfanin Dryden Chemicals, na rukunin Reed mai tushe a Ingila, ya buɗe sashen haɗa sinadarin faranta takarda, dangin ruwan jabel ɗin da muke wanki da shi. Hanyar da ake haɗa shi a wancan zamani tana buƙatar zaiba mai yawa, wannan farin ƙarfe mai gudana kamar ruwa. Daga 1962 zuwa 1970 zaibar da ta kai wajen kilo 9,000 ta bi ruwan datti ta shiga kogin. Wabigoon yana zuba cikin kogin English, gubar ta bi ruwa sama da kilomita 200, ta ratsa Grassy Narrows da wata al'umma mai suna Whitedog.

Ga yadda take aiki, kuma wannan ya kamata kowane malamin kimiyya ya iya bayyana wa ɗalibansa. Zaiba tana nutsewa cikin laka. Ƙwayoyin halitta da ke cikin lakar suna juya ta zuwa wani nau'i da jikin mai rai ke sha da sauƙi amma ba ya fitar da shi da sauƙi. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su dubbai, babban kifi ya ci ƙananan ɗaruruwa. A kowane mataki gubar na taruwa, har ta zama abin da ke cikin tsokar babban kifi ya ninka na ruwan sau dubbai. Ba ta da wari, ba ta canza ɗanɗano, suya ko banda ba sa fitar da ita. Ruwan tabkin na nan garau, kifin na nan da ƙibarsa.

A jikin mutum kuwa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take kamawa. Hannu da ƙafa su riƙa mutuwa, jiki ya riƙa rawa, gani ya tsuke kamar mai leƙe ta cikin bututu, ji ya ragu, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi. Mafi muni, tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan da ke ciki a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa.

A 1970 gwamnatin Ontariyo ta umarci kamfanin ya daina zuba zaiba a kogin, ta kuma rufe sun sayarwa. Cikin ɗan lokaci al'ummar da kusan kowane magidanci ke da abin yi ta koma wadda wajen tara cikin goma ba su da aiki. Sai dai gwamnati ba ta rufe sun nishaɗi ba, domin masaukan baƙi na kawo kuɗi. Alluna kawai aka kafa masu cewa a kama kifi don jin daɗi, kada a ci. Masaukai da yawa suka ci gaba da aiki, jagorori suka ci gaba da soya abincin rana.

A nan ne Barney Lamm ya yi abin da nake so yaranmu su ji. Ya kira wani matashin masani ɗan Norwe, Norvald Fimreite, wanda ke karatu a wata jami'a ta Ontariyo kuma ya riga ya gano zaiba a kifin wasu ruwayen ƙasar, ya biya shi ya gwada kifin yankinsa. Da sakamako ya fito, Lamm ya rufe masaukinsa a 1970, a lokacin da yake kan ganiyarsa. Ya yi asarar dukiya mai yawa, kuma wasu abokan sana'arsa sun ji haushinsa don suna ganin ya kori baƙi daga yankin baki ɗaya. Matarsa Marion ta shafe shekaru tana tara duk wata takarda da ta shafi zaiba, tarin nata na ajiye yau a jami'ar Harvard. Rufewar ta raba mutanen Grassy Narrows da babban wurin aikinsu, wannan gaskiya ne. Amma bai yarda ya ci gaba da ɗora wa mutane kifin da ya san yana da guba a faranti ba.

Likitan da ya zo daga Japan

Wannan cuta tana da suna tun kafin 1970. A 1956 aka fara gane ta a garin Minamata na Japan, inda kamfanin Chisso ya zuba zaiba a teku, masunta da iyalansu suka kamu. Wani likita mai suna Masazumi Harada ya ba da rayuwarsa ga duba waɗannan majinyata. A 1975 ya zo Grassy Narrows da Whitedog ya duba mutane, ya ga alamun da ya sani. A wannan shekarar kuma wakilan al'ummomin biyu suka je Minamata suka ga da idonsu abin da ke iya jiransu. Harada ya sake dawowa a shekarun 2000, ya tarar da yawa daga waɗanda ya duba sun rasu, waɗanda ke raye kuma alamun sun ƙaru a jikinsu. Ya rasu a 2012.

Hukumomin Kanada sun daɗe suna kauce wa kiran cutar da sunanta. Sai a 1985, shekara 15 bayan rufe su, aka cimma sulhu. Kamfanoni biyu da gwamnatoci biyu suka haɗa wajen dalar Kanada miliyan 16 da rabi wa al'ummomin biyu, aka kuma kafa hukumar biyan diyya ga waɗanda suka nakasa. Yawancin waɗanda suka nemi diyyar an ƙi su. Game da kogin kansa, a shekarun 1980 masana sun ba da shawarar a gyara shi, gwamnati ta zaɓi a bar shi ya wanke kansa. Bai wanke ba. Bayan shekaru 30 kifin wasu sassan kogin na nan da zaiba fiye da ƙima.

Mutanen ba su yi shiru ba. Sun yi ta tattaki zuwa Toronto, tafiyar kusan kilomita 2,000, suna tsayawa a ƙofar majalisar lardi. Wani tsohon shugabansu, Steve Fobister, wanda shi kansa cutar ta raunana, ya yi yajin cin abinci a 2014, ya rasu a 2018. A 2017 gwamnatin Ontariyo ta ware dalar Kanada miliyan 85 don gyaran kogin. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa hannu kan gina gidan kula da majinyatan zaiba a cikin al'ummar, sai a 2025 aka fara ginin. A 2024 kuma wani binciken jami'a ya nuna ruwan dattin da masana'antar ke zubarwa yanzu, ko da babu zaiba a cikinsa, yana ɗauke da sinadaran da ke ƙara wa tsohuwar zaibar lakar saurin shiga kifi. A wannan shekarar al'ummar ta maka gwamnatocin biyu a kotu, tana kafa hujja da alkawarin 1873. In an ce kana da haƙƙin su, aka bar kifin ya zama guba, me ya rage na haƙƙin?

Jikan jagora a cikin aji

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken da wata masaniya ta jami'ar Kebek da ke Montreal, Donna Mergler, ta yi tare da mutanen Grassy Narrows. A 2020 suka nuna cewa waɗanda aka auna zaiba mai yawa a gashinsu a shekarun baya sun fi mutuwa kafin su kai shekara 60. A 2023 suka fitar da wani kan yara. Domin su gane gidan da ya fi cin kifi, ɗaya daga cikin abubuwan da suka duba shi ne ko kakan yaro na wajen uwa ya yi aikin jagora. Suka bi zaren daga kaka zuwa ƴarsa da aka haifa a gidan da ake cin kifi kullum, zuwa cikin da ita ta ɗauka, zuwa jikan. Suka tarar da alaƙa tsakanin wannan tarihi da matsalolin ɗabi'a da damuwar yaran, har da yunƙurin kashe kai, wanda ya ninka na sauran al'ummomin ƴan asalin ƙasar wajen sau uku.

Ni malami ne, na san yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda aka faɗa masa abu sau biyar bai riƙe ba. Na san sunayen da muke saurin laƙaba masa. A wancan aji na Kanada, wani yaron na ɗauke ne da abin da aka zuba a kogi shekaru 40 kafin a haife shi, ta hanyar abincin ranar da kakansa ya soya wa baƙi don ya ciyar da gidansa. Wannan ya sa na rage gaggawar yanke wa yaro hukunci kafin in tambayi abin da ke gidansu da abin da suke ci da sha.

Sana'ar yawon kifi da jirgi dai tana nan. Dubban tabkunan arewa zaibar Dryden ba ta taɓa su ba, kuma masu sana'ar sun koyi wasu darussa. An ƙayyade yawan kifin da mutum zai ajiye, ana mai da manya ruwa domin su ne masu ƙwai, lardin Manitoba tun 1990 ya wajabta ƙugiya marar ƙaya don kifin da aka saki ya rayu. Gwamnatin Ontariyo na wallafa jagorar da ke nuna yawan kifin da ya dace a ci daga kowane ruwa, da ƙa'ida ta daban ga yara da matan da ke shekarun haihuwa. Wasu masaukan ma yanzu al'ummomin ƴan ƙasar ne ke da su. Wanda ya tara kuɗinsa ya tafi hutu ba ni da ta cewa a kansa. Abin da na ƙi shi ne a nuna wa yaro hoton bukka da tabki a ce masa wurin ba shi da mutane kuma ba shi da tarihi.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwan Maraɗi da Dryden. Zaiba ce ta haɗa mu. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage amfani da ita, suka sa mata sunan Minamata, ta fara aiki a 2017, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga. A yau abin da ya fi sakin zaiba cikin iska a duniya shi ne haƙar zinariya ta hannu. Ana cuɗa zaiba da niƙaƙƙen dutse ta kama zinariyar, sai a ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi hayaƙi, mai ƙonawa da duk wanda ke kusa su shaƙa, sauran kuma ruwan sama ya wanke shi zuwa ƙorama da tabki. Mun san yadda samarinmu suka kwarara Jado tun 2014, mun san Komabangu, mun ga abin da ya faru a Ɗan Isa a 2021. Da yawanmu akwai kujerar da ta zama wayam a ajinmu saboda zinariya.

Ban ce tabkin Madarunfa ko na Tabalak ya gurɓata ba, kada a ɗauki maganata a kai kasuwa a ɓata wa masunta sana'a. Abin da nake cewa shi ne mutanen Grassy Narrows sun shekara takwas suna cin guba ruwansu na nan garau, ba wanda ya auna. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Iyaye su hana a ƙona dunƙulen zinariya a cikin gida ko a madafa, su nisanta mai ciki da yara daga wurin. Kada a wanke dutse ko kayan aikin zaiba a ruwan da ake sha ko ake su. Ƙungiyoyin iyayen yara da masunta suna da ikon tambayar magajin gari da ma'aikatar muhalli ko an taɓa auna ruwa da kifin yankinsu, yaushe, kuma ina sakamakon. Malaman kimiyya kuma su zana wa yara wannan tsani daga laka zuwa ƙaramin kifi zuwa babba zuwa mutum, darasin awa ɗaya ne.

Da muka koma aji na ba yaran labarin jirgin Beaver da matuƙan da aka tambayi ra'ayinsu, da mutumin da ya rufe masaukinsa. Yaron da ya kawo tambayar ya ce shi matuƙi yake so ya zama. Wata yarinya kuma ta tambaye ni wa ke auna ruwan tabkinmu, na ce ta rubuta tambayar a takarda, za mu kai ta ma'aikatar magajin gari tare. Allah Ya kare mana ƴaƴanmu da ruwanmu.